Wahalar da na sha da zafin kwamfutata a Yamai kafin in gane maganar pat termik

Ina rubuta wannan ne saboda abin da ya same ni a watan Afrilu, kuɗi sun tafi, lokaci ya tafi, har na kusa ɓatawa da masu ba ni aiki, kuma duk a kan abin da girmansa bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Sana'ata montaj, bidiyon biki da suna, ina zaune a Bukoki nan Yamai. Kwamfutar da nake aiki da ita ta hannu ce, okaziyo na saye ta shekara 3 ke nan, prosesarta, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Core i5 8250U ce. Bayan ƙaramar salla aiki ya taru mini, biki huɗu a jere, ga zafin Yamai kun san shi, rana ta kai 43 ko 44, ɗakina kuma rufin kwano ne ko da dare bango ba ya hucewa. Sai kwamfutar ta fara wani hali, fankarta ta riƙa kuka kamar injin niƙa, gefen da iska take fita in ka sa hannu sai ka janye, bidiyon da take fitarwa cikin minti 20 a da sai ya kai awa guda, daga baya ma sai ta riƙa mutuwa da kanta tsakiyar aiki, ekran ya yi baƙi kawai. Ranar da ta mutu sau uku a kan bidiyo ɗaya, ga uwar amarya tana ta kirana, ranar hankalina ya tashi sosai don ba ni da kuɗin sayen wata.

Duk wanda na faɗa wa sai ya ce birus ne, a yi mata formataj. Na yarda. Na kwana ina kwashe ayyukan mutane zuwa disk na waje, washegari na kai wa wani yaro a unguwarmu ya sake sa Windows, jikka 3, na dawo na ɓata yini guda ina mayar da lojisiyel ɗina. Da dare na sa ta aiki, minti 15 ba ta yi ba ta mutu. Jikka 3 da kwana biyu sun tafi a banza. Don Allah duk wanda kwamfutarsa take zafi tana mutuwa kada ya fara da formataj, zafi ba a cikin Windows yake ba.

Wani ƙanen abokina da ke karatu a jami'ar Abdou Moumouni shi ya fara sa ni a hanya. Ya ce yaya kafin ka sake ba kowa ko dala, sa lojisiyel ɗin auna zafi, HWMonitor ko Core Temp, kyauta ne, ka ga lambar zafinta da idonka. Na sa. Kwamfuta tana zaune ba ta aikin komai digiri 68 zuwa 70, ina danna fitar da bidiyo cikin ƴan daƙiƙu ta haura 98, 99. Ya ce irin wannan prosesar iyakarta 100 ne, in ta kusa kai wa can sai ta rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, shi ya sa wadda za ta iya kai 3,4 GHz nake ganinta tana rarrafe ƙasa da 1, in kuma rage gudun bai isa ba sai ta kashe kanta gaba ɗaya. Ashe mutuwar da take yi kare kanta take. Ya ce abu biyu ne galibi, ƙura ta toshe hanyar iska, ko kuma pat termik ta bushe, wato wannan man da ake shafawa tsakanin prosesar da ƙarfen da ke kwashe mata zafi. Ranar na fara jin sunan.

Washegari na ɗauki taksi zuwa wajen Katako, inda aka kwatanta mini wani mai gyara. Na tarar da mutum biyar a gabana, masu waya da masu kwamfuta, na zauna a benci tun ƙarfe 10 har bayan azahar. Da layi ya zo kaina ya buɗe ta da sauri, ya hura mata iska da suflar ta waje, ya cire ƙarfen, ya goge tsohuwar pat da wani tsumma, sannan ya janyo wani gwangwani babba mai farin abu a ciki kamar man goge haƙori, ya laƙato da bakin turnabis ya lafta mata da yawa, har yana ce mini patoro na cika maka ita sosai don ta daɗe. Ni kuwa har godiya na yi masa, don a tunanina yawan ne alheri. Jikka 2. Na koma gida na gwada, ta tsaya a 85, 86, ba ta mutu ba, na gama bikin nan huɗu na huta. Sati uku cif sai fanka ta dawo da kukanta, na buɗe HWMonitor na ga 97.

A nan ne na je wajen wani dattijo da aka ce tun zamanin rediyo da talabijin yake gyara, yanzu ya koma kwamfuta, shagonsa ɗan ƙarami ne ba ko allo a ƙofa. Na gaishe shi na ce Baba ga matsalata, na ba shi labari tun daga formataj. Bai ce komai ba sai da ya buɗe, ya ce matso ka gani ɗana. Abu na farko, ya kwance fankar kanta daga mazauninta, abin da na farkon bai yi ba, sai ga ƙura ta dunƙule tsakanin fanka da ƴan siraran haƙoran ƙarfen nan da iska take bi, ta yi kauri kamar bargo, ya zare ta da ɗan hantsaki ta fito a haɗe. Ya ce wannan bujin shekara uku ne, hurawa ta waje ba ta fidda shi, ƙara danna shi take. Abu na biyu, da ya ɗaga ƙarfen sai na ga farar pat ɗin nan duk ta gudu gefe ta malale a kan ƴan ƙananan abubuwan da ke kewaye, tsakiyar prosesar kuwa, inda ake bukatarta, kusan fayau yana ƙyalli kamar madubi. Ya ce wannan farar ta transisto ce, da ita muke aiki a ampili da talabijin, can tana da amfaninta, amma a nan ruwa-ruwa ce, kullum ƙarfe ya yi zafi ya buɗe ya huce ya tsuke, kaɗan-kaɗan yana tunkuɗa ta waje, ga zafin garinmu yana ƙara tsinka ta. Araha ba ta ado, in ji shi.

Bayanin da ya yi mini a kan aikin pat ɗin shi ne abin da na fi riƙewa. Ya ce mutane suna zaton ita ke sanyaya prosesar, alhali ba ta sanyaya komai. Fuskar prosesar da fuskar jan ƙarfen in ka duba sumul suke, amma akwai ƴan ramuka da ido ba ya gani, in ka haɗa su iska tana maƙalewa a ciki, iska kuwa ba ta wuce da zafi. Aikin pat kawai ta kori iskar ta cike ramukan. Daga baya na karanta lambobin na ga gaskiyarsa, a ma'aunin yadda abu yake wuce da zafi, wanda ake rubutawa W/mK, iska wajen 0,026 take, jan ƙarfe kusan 400, pat kuwa ko mai kyau ce ba ta ko kusa da jan ƙarfe. Ke nan ta fi iska nesa ba kusa ba, amma ƙarfe ya fi ta nesa ba kusa ba, shi ya sa ake son ta zama siririya iya yadda za ta yiwu. Abin da ya fi muhimmanci shi ne irin pat ɗin da kuma yadda aka ɗaure ƙarfen, ba tulin da aka lafta ba. Baba ya ce mai kyau ta ƙare masa kuma ba zai sa mini wadda shi bai yarda da ita ba, in je in nemo, in na samo ko in kawo masa ko in sa da kaina tunda na ga yadda ake buɗewa. Ya ƙi karɓar kuɗi, da ƙyar na ajiye masa jikka 1 na ce na goro ne.

Neman pat ɗin ya ci mini kwana biyu. Na zaga shagunan da ke kewayen Babbar Kasuwa, kusan kowa abu ɗaya yake miƙo mini, wani babban sirinji ba sunan kamfani, wani toka-toka wani ruwan zinariya, dala 100 zuwa jikka 1, an rubuta manyan lambobin W/mK a jiki. Wani mai shago har ya ce mini Alhaji ɗauki mai ruwan zinariya, zinariya ce a ciki. Ku yi hattara da lambobin nan, kowa yana iya buga abin da ya ga dama a kwali, manyan kamfanoni irin Noctua ma ba sa rubuta wannan lambar a kayansu. In ka ga sirinji cike dam mai giram 30 a kan dala 100 an rubuta masa lambar da ta fi ta masu tsada, ka san da magana. Na matsa ɗaya a kan takarda a wani shago sai da wani mai kamar ruwa ya fara fita kafin pat ɗin ta biyo, alamar ta rabu a ciki ke nan, na ajiye musu.

Wani abokina mai gidan wasan PlayStation ya ce in nemi metal likid, wato ƙarfe mai ruwa-ruwa da ake sawa maimakon pat, wai ita ce a cikin PS5. Gaskiya ne ita ce a ciki kuma tana wuce da zafi fiye da kowace pat, amma da na bincika na fasa. Galiyom ne a cikinta, tana ɗaukar lantarki, ɗigo ɗaya ya zame ya taɓa kart mer, wato babban allon da sassan kwamfuta suke haɗe a kansa, shi ke nan, kuma tana cin alminiyam. PS5 an ƙera mata shinge na musamman da ke tsare ta, kwamfutar da nake sawa a jaka in hau moto da ita ba ta da wannan. Akwai kuma wani abu kamar ƴar takarda, PTM7950 na kamfanin Honeywell, yana laushi in ya kai wajen digiri 45 sai ya bazu da kansa, masu kwamfutar hannu suna yabonsa don ba ya gudu gefe da sauri, ban same shi a shagunan da na shiga ba, wanda zai sa a kawo masa ya tuna zafinmu na Afrilu da Mayu yana kusa da wannan lambar, sai a ajiye shi wuri mai sanyi kafin a sa. A ƙarshe a wani shago a Plato da ke sayar wa ofisoshi kaya na samu Arctic MX-4, ɗan sirinji mai giram 4, jikka 7 da rabi. Na ji tsadar a raina. Abin da ya sa na ɗauka, ba ta ɗaukar lantarki, ko ta ɗan taɓa gefe ba ta ƙona komai, kuma a kwalin akwai wurin kankarewa mai lambar QR da ake dubawa a shafin kamfanin don a san ba jabu ba ce, a gaban mai shagon na duba da wayata kafin in biya.

Daga nan na bi ta farmasi sayen alkol. Yarinyar ta miƙo mini na 70, na ce a'a na 90 nake so, don na 70 ruwansa ya yi yawa ba ya bushewa da wuri. Wanda aka fi so shi ne isopropil, amma na 90 ya yi mini aiki, dala 100 ƙaramar kwalba. Kada a sa fetur ko tinar ko turare. Na sayi ƴan ƙananan turnabis jikka 1 da rabi.

Na bari sai bayan sallar asuba, lokacin gari bai yi zafi ba kuma yara ba su tashi ba, na rufe taga saboda ƙura. Na kunna ta minti biyar don pat ɗin ciki ta yi laushi, na kashe, na cire sharjar. Na zana hoton bayan kwamfutar a kan kwali, kowane bis na cire sai in soka shi a wurinsa a zanen, don tsawonsu ba ɗaya ba ne, in ka sa dogo a wurin gajere zai iya huda wani abu. Ina buɗe murfin na ɗauki hoto da waya, sannan kafin komai na zare wayar batiri daga kart mer, na danna maɓallin kunnawa na riƙe ɗan lokaci don sauran wutar ta fita. Na taɓa ƙofar ƙarfe kafin in sa hannu ciki, kun san lokacin rani yadda jiki yake tara wannan ɗan lantarkin mai tsartuwa. A kan ƙarfen akwai bis huɗu an rubuta musu 1, 2, 3, 4, na kwance su daga 4 zuwa 1, kowane kaɗan-kaɗan, na ɗan murza ƙarfen hagu da dama a hankali har ya saki. Wannan bututun jan ƙarfen kada a lanƙwasa shi, ba cikakken ƙarfe ba ne, akwai ɗan ruwa a rufe a ciki da ke kai zafi wajen fanka, in ya karye ko ya huje ya tashi aiki.

Gogewa ita ta fi ɗaukar lokaci, wajen minti 20, don farar nan ta shiga ko'ina. Na sa alkol a tsumma mai laushi marar gashi na goge fuskar prosesar da ta jan ƙarfen har suka yi ƙyalli, lungunan kuma da auduga mai tsinke. Irin prosesata madubi biyu ne a kanta, babba da ƙarami, sai na duba sawun da ke jikin ƙarfen na ga babban kaɗai yake taɓawa, don haka ƙaramin na bar shi yadda kamfani ya bar shi. In kun ga wasu ƴan faci masu laushi kamar cingam a kan wasu sassan, ba datti ba ne, kada a cire su kuma kada a musanya su da pat, don tazarar wurin ta fi ƙarfin pat. Sai na matsa kamar ƙwayar shinkafa a tsakiya, na sa tsohon katin SIM na baza ta siririya har ta rufe madubin duka kusurwa zuwa kusurwa, saboda prosesar kwamfutar hannu ba ta da murfi, duk inda pat ba ta kai ba wurin zai yi zafi shi kaɗai.

Kuskure biyu na yi, zan faɗe su don kada wani ya maimaita. Bayan na ɗora ƙarfen sai zuciyata ta ƙi kwanciya, na ɗaga don in ga ko ta bazu. To da zarar ka ɗaga iska ta shiga, dole na goge duka na sake sabuwa. Karo na biyu na ɗora shi sau ɗaya, na ɗaure bis 1, 2, 3, 4, kowane rabin juyi ina zagayawa har suka tsaya da kansu, ban tilasta ba. Na mayar da batiri na rufe na kunna, sai na ji shiru, lamba kuma tana ta hawa, 70, 80, gabana ya faɗi na kashe da sauri. Na buɗe na gwada da hoton da na ɗauka, ashe ƴar wayar fanka ce ban mayar ba. Ba don hoton nan ba da na zaci na lalata ta. Na soka ta, na kunna tun kafin in rufe murfi na ga fanka tana juyawa, sannan na ɗaure.

Sakamakon, tana zaune ba aiki 49 zuwa 52, ina fitar da bidiyo 80 zuwa 84, kuma da rana tsaka ne a ɗakin kwano. Bidiyon ya koma minti 20 da ƴan kai. Wallahi sai da na yi sujada. Amma in faɗi gaskiya ba pat kaɗai ta yi wannan ba, bargon ƙurar da Baba ya zare yana da babban rabo, wanda ya sayi pat ta jikka 7 ya bar hanyar iska a toshe ya yi asara. Kada kuma mutum ya ga turawa a YouTube suna nuna 65 ko 70 ya ce tasa ba ta yi ba, su a ɗaki mai digiri 22 suke gwadawa, yawancin kwamfutocin hannu ma kamfanoninsu zafin ɗaki har 35 suke rubutawa a takarda, mu kuwa muna wuce haka wata da watanni. Duk digirin da ɗaki ya ƙaru kusan shi zai ƙaru a prosesar. Shi ya sa yanzu manyan ayyuka da asuba nake sa su ko tsakar dare, na daina ɗora ta a katifa ko darduma, na sa ƴan katako biyu a ƙarƙashinta ta baya don iska ta samu hanya.

In na haɗa lissafi da kuɗin taksi na kashe kusan jikka 18, biyar a ciki na formataj da farar pat ba su amfane ni da komai ba. Wanda ba zai iya buɗewa da kansa ba babu laifi ya kai wa mai gyara, akwai masu amana da yawa, amma ya auna zafin kafin ya kai ya rubuta a takarda, ya sayi pat ɗinsa ya tafi da ita, ya tsaya a buɗe a gabansa, ya ce a kwance fanka a fidda ƙurar da ke bayanta, in an gama a sake aunawa kafin ya biya. In kwamfutar sabuwa ce tana da garanti kuwa a tambayi inda aka saya kafin a buɗe.

Bayan sati biyu yayana mai sakatariya a Wadata ya ce in zo in duba masa babbar kwamfutarsa ta tebur. Ita prosesarta da murfin ƙarfe a kai, don haka ban baza ba, ɗigo ɗaya na sa a tsakiya kamar ƙwayar wake, nauyin ƙarfen ya baza ta da kansa. Na kai wa Baba sirinjin ya sa wa mutum biyu, har yanzu da saura a ciki, na toshe bakinsa da kyau na sa a leda a ƙasan akwati inda rana ba ta kaiwa. A bayan kwamfutata na manna ƴar takarda na rubuta ranar da na sa pat ɗin da lambobin da na gani, 50 da 83. In buji ya wuce a watan Fabrairu zan buɗe in share fanka, pat ɗin kuwa ba zan taɓa ta ba sai in lambar ta tashi.